An Ba Ni Jirgi

Ingila, Fabrairu 1986

Yaya Omolere,

Gaisuwa daga ƙasar da rana ke fitowa kamar an yi mata dole. Ina fata kina lafiya, ke da mijinki da yara, da kuma mahaifiyarmu Iye, wadda na san tana zaune a gefenki tana cewa ki ɗaga murya. Ni lafiyata ƙalau, in ban da mura da ta mai da hancina gidanta, sai kuma kewar pupuru, tuwon rogon nan namu, da miyar ɗanyen kifi. Su nan sai sun lulluɓe kifi da fulawa kamar suna jin kunyarsa.

To ki ɗaga muryar: an maƙala mini fukafukai a ƙirji. Na gama koyon tuƙa jirgi mai saukar ungulu, watan gobe zan dawo Legas. Ki yi wa Iye bayani a hankali, don na san har yanzu kalmar sojan ruwa na tsaya mata a wuya. Rundunar ruwa tana da jiragenta na sama. Aikinmu mu tashi daga tudu, mu leƙa teku daga can sama, mu nemo wanda ya ɓata ko wanda ya shigo ba izini, sannan mu koma tudu mu ci abinci mu kwanta. Rantsuwar da ta sa na yi mata ina yaro a kan kabarin Baba, cewa ba zan taɓa kwana a kan teku ba, tana nan yadda na yi ta. Teku ya ci mata miji, ni kuwa sai dai ya hango tafin ƙafata.

Wannan sakin ki karanta shi a zuci. Makonnin nan da aka kai mu teku a jirgin ruwa na horo farkon shigata, waɗanda na gaya miki a baki, ba yadda na iya ne, kuma sun wuce. Saboda su ne na nace sai an tura ni sashen sama, har wani malaminmu ya yi ta mamaki, wai ɗan masunta guda yana gudun ruwa. Ban yi masa bayani ba.

Ki gaida kowa. Ki gaya wa mijinki har yanzu ban yafe masa ƙugiyoyina da ya ɓatar ba.

Ƙanenki,
Ehinmola

Obe-Lomire, Mayu 1986

Mola,

Wasiƙarka ta iso ta hannun mai jirgin kifi, tana warin kifin bonga. Muna lafiya. Iye gwiwa ce kawai ke damunta, amma ba ta hana ta hawa da sauka wajen ƙyafe kifi ba. Mijina ya ce ƙugiyoyin naka da ma tsatsa ta gama da su.

Na karanta mata har ta haddace, ban da sakin da ka ce. Ka sani ba na son wannan aikin da ka ba ni na tsallake layi, don ta iya kallon bakin mutum. Na yi maka na farko, kada ka saba.

Ka jawo mana abin kallo a gari. Ka san jiragen masu haƙar mai da ke wucewa ta kanmu zuwa teku. Yanzu ko wanne ya taso, Iye za ta bar kifi a kan wuta ta fito kan katakon ƙofar gida tana kaɗa farin zanenta na majami'a. Na gaya mata har na gaji cewa ba kai ba ne, na masu mai ne. Ta ce ni me na sani game da sama. Yara sun gane, da sun ji ƙara sai su ruga suna ihu wai ga ɗan Iye nan. Mun yi asarar kifi ba sau ɗaya ba, ya ƙone ƙurmus.

Ranar Asabar mun je share kabarin Baba. Taɓon ya fi na bara zurfi, sai da muka naɗe zane har cinya. Ta tsaya a kansa ta ba shi labarinka tun daga farko, har da murar. Da muka juyo sai ta sake ɗauko maganar nan tata da ba na so: wai tunda wanda ruwa ya ci ba ya shiga gari, shi yana can bakin teku shi kaɗai, ita kuma in ta mutu a gida za a binne ta, ke nan ko a ƙasa ba za su haɗu ba. Na ce ta bar zancen. Da muka iso gida sai ta ce aƙalla kai a tudu za ka kwanta, kusa da ita.

Ka zo Kirsimeti. Ka zo da man shafa gwiwa.

Yayarka,
Omolere

Legas, Yuli 1995

Yaya,

Ina gaishe ki da Iye da duk gida. Matata da yara suna lafiya, sun gode da busasshen jatan landen. Ni ma jikina lafiya, zuciyar ce dai ba daɗi, shi ya sa na zauna rubutu.

Kafin nan, ki gaya wa Iye ranar Talatar makon jiya ni ne. An aike mu neman wasu masunta da suka ɓata daga gabas da ku, a dawowa na karkato ta kan gari. Na ga farin zanen. Na sauko ƙasa-ƙasa na zaga sau ɗaya, abokin tuƙina yana tambayar me na gani. Masuntan ba mu same su ba. Akwai kuma abin da na gani wanda ku a ƙasa ba za ku gani ba. Bakin tekun ba inda na bar shi yake ba. Ya ci wani babban lungu ta wajen kasuwa, kamar an gatsi gurasa, kuma tsakaninsa da kabarin Baba bai kai rabin yadda na sani ba.

Ga abin da ke damuna. Jiragenmu sun tsufa, ana ta jan su cikin rumfa ɗaya bayan ɗaya, tashin da na yi ran nan ma na daɗe ban samu irinsa ba. Na zama matuƙin tebur. A aikin nan kuwa ba a kai mutum manyan muƙamai sai ya riƙe jirgin yaƙi a teku, ko da fukafukai goma gare shi. An yi mini tayi na zame, an sake yi na sake zamewa da wani uzuri. Yaran da na koya wa ɗaure takalmi yanzu ni ke sara musu. Ana cewa ina tsoron ruwa, a bayana da kuma a gabana. Ni, Yaya, da na iya iyo kafin in iya tafiya.

Ki taya ni lallaɓa ta. Jirgin yaƙi ba kwale-kwalen Baba ba ne, ƙarfe ne da ya fi majami'armu tsawo. Yaro ne ya yi rantsuwar nan, yana kuka, bai san abin da yake faɗa ba. Ta sake ni. In ba haka ba nan da 'yan shekaru za a sallame ni, in koma gida da fukafukan da ba sa tashi.

Ƙanenki,
Ehinmola

Obe-Lomire, Satumba 1995

Mola,

Muna lafiya, sai dai ruwan sha ya fara gishiri, yanzu daga garin Igbokoda ake kawo mana a jarka. Kasuwar da ka gani daga sama ta tafi, an mai da ita bayan makaranta.

Na gaya mata kai ne ran Talatar. Ta ce ai ta sani, ta gane ƙarar. Haka dai take faɗa a kan kowane jirgi shekara tara ke nan. Amma ta yi kwanaki tana waƙa.

Ɗaya maganar na jira sai da na ga ranta fari, tana juya kifi a kan waya. Na bi da ita ta nesa, na yi zancen ƙarfe da tsawon majami'a da yaran da kake sara wa. Ta bar ni na gama tas. Sannan ta ce, "Ki tambaye shi, shi da yake ganin teku daga sama, ya ga alamar ya ƙoshi?" Na ce Iye, aikinsa ne zai lalace. Ta ce, "Na ba shi miji. Ban yi masa alkawarin ɗa ba." Ta ci gaba da juya kifinta.

Na yi iyakar ƙoƙarina, kada ka sake aiko ni da wannan. Kuma in gaya maka gaskiya, ni ma ban ga laifinta ba. Kai kana makaranta ranar da ruwa ya dawo da Baba, sai da aka rufe shi aka kawo ka. Ni ina wurin, ni na riƙe ta. Ka sara wa yaran, hannunka ba zai karye ba.

Omolere

Legas, Maris 1998

Yaya,

Gaisuwa gare ki da Iye. Kowa lafiya a nan, ina fata ku ma haka. A gaggauce nake rubutu.

An ba ni jirgi. Babba ne, ba a daɗe da gyara shi ba, ni ne kuma shugabansa. Ƙarin girma zai biyo baya in Allah ya so. Za a tura mu aiki ƙasashen yamma, don haka in kun ji ni shiru kada hankalinku ya tashi. Na aiko wa Iye magani da atamfa ta hannun mai jirgin kifi. Ku sa ni a addu'a.

Ehinmola

Obe-Lomire, Afrilu 1998

Mola,

Lafiya muke, lafiyar da muka daɗe ba mu yi irinta ba. Saƙo ya iso, ta gode.

Ka ga amfanin haƙuri? Kana ta ƙorafin jiragenku sun tsufa, ga shi an gyara babba an damƙa maka, ba tare da ka jiƙa ƙafa ba. Da na karanta mata sai ta durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo. Ta ce in sake karanta wurin jirgin, na sake.

Lahadin da ta wuce ta yi godiya a majami'a. Ta sa an daka pupuru na gari guda, ta fitar da kifin da take ɓoyo don damina. Ta yi rawa tun daga ƙofa har gaban Fasto, mata na biye da ita, katako na amsawa. Da aka ba ta dama ta yi magana, sai ta juyo ta fuskanci jama'a ta ce duk gidan da ke garin nan teku ya shiga ya zaɓa, amma ita ta haifi ɗan da ya ji maganar uwarsa, aka matsa masa ya ƙi, ga shi Allah ya ba shi jirginsa a sama inda teku ba ya kaiwa. Akwai matan da suka rasa 'ya'ya a wurin, na ga fuskokinsu, na so ta rage. Amma wa zai tare ta ranar?

Ta ce in ka dawo daga yamma ka biyo ta kanmu da sabon jirgin. Ta wanke zanen ta ajiye.

Yayarka mai alfahari da kai,
Omolere

Obe-Lomire, Agusta 1998

Ehinmola,

Ina fata kana lafiya. Mu muna nan da rai.

Orimisan ɗan mai saƙa taru ya zo hutu. Ka san shi, ai shi ke dafa maka abinci. Bai yi da mugunta ba. Ya zo gaishe da Iye ne da rigarsa ta soja, mata cike da rumfar ƙyafe kifi, ya durƙusa yana washe baki yana ba ta labarin yadda ɗanta ke riƙe da jirgi, yadda kuka yi watanni a tsakiyar teku ba ku ga tudu ba, yadda igiyar ruwa ta taso kowa na amai kai kuwa kana barcinka hankali kwance. Yabonka yake yi. 

Na koma na ɗauko wasiƙarka na duba. An ba ni jirgi. Ba ka ce na sama ba, ba ka ce na ruwa ba. Kai da ka yi karatu har Ingila, kalma ɗaya ce ta gagare ka? Ka bar ni na karanta mata da bakina, ka bar ta ta yi rawa a gaban matan da ta yi wa gori.

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Washegari ta shiga ɗakinka ta ɗauko ƙaramin filafilin da Baba ya sassaƙa maka na tuƙa kwale-kwale, da rigarka ta makaranta. Ka san abin da ake yi wa wanda ruwa ya ci ba a ga gawarsa ba. Ta nufi bakin teku, na bi ta ina roƙo, Fasto ya biyo mu yana roƙo. Da hannunta ta tona rami kusa da Baba, ta sa su, ta rufe. Na ce Iye, yana da rai fa. Ta ce, "Wanda ya kwana a kan teku nasa ne. Lokaci kawai yake jira." Ta ce gara ta binne ka yanzu da sauran ƙarfinta da ta zauna kullum tana jiran a zo a gaya mata.

Jirgin masu mai ya wuce jiya. Tana zaune tana fasa kifi, ko kai ba ta ɗaga ba. Yara sun fara ihun ga ɗan Iye nan, uwayensu suka kwaɓe su.

Ban san me zan ce ka yi ba.

Omolere

A teku, Oktoba 1998

Yaya,

Na samu wasiƙunki biyu a rana ɗaya, ta murna da ta biyun. Ina lafiya, tunda kin tambaya.

Ban rubuta ƙarya ko ɗaya ba. Jirgi aka ba ni, jirgi na ce. Shekara uku da suka wuce na gaya miki dalla-dalla irin jirgin da ake ba mutum kafin a ƙara masa girma, ke ce kika kai mata maganar. Kin karanta abin da kike so ki gani ne, kuma ba ni na ce a daka pupuru ba. Na yi niyyar in dawo in zauna a gabanta in yi mata bayani da bakina, ta gan ni da raina da lafiyata bayan na kwana a kan tekun, ta ga bai yi mini komai ba. Orimisan ya riga ni.

Shekara goma sha biyu na riƙe mata rantsuwar nan ana yi mini dariya. Wannan ba a lissafa shi? Ina da 'ya'ya, Yaya, su ma uwa ce ta haife su. Mutum ya binne ɗansa da rai saboda ya yi aikinsa?

Da mun sauka zan zo. Ki gaya mata. In ba za ta ji sunana ba, ki ce baƙo zai zo.

Ehinmola

Abuja, Mayu 2011

Yaya Omolere,

Ina gaishe ki da jiki, an ce hawan jini ya sa ki gaba. Ina fata da sauƙi. Yaya Iye? Na yi ta neman wayarki, aka ce ƙarfen sabis ɗinku ma teku ya kwantar da shi, shi ya sa na koma tsohuwar hanya.

Kin ji dai a rediyo. An ba ni muƙamin Admiral, babban hafsan sojan ruwa. Matata da shugabanmu suka maƙala mini alamar a kafaɗa, aka yi ta hoto. Na sa an ajiye kujeru biyu a layin gaba ko da za ku zo, har aka tashi ba wanda ya zauna a kai. Abin da na sayar da komai don in samu ke nan, kuma da aka gama na koma ofis na rufe ƙofa na zauna kawai.

Ban sake zuwa ba tun karon da na zo bayan mun sauka daga teku, kin san dalili. Na tsaya a kan katako da fararen kayana gari na kallo, ta ce daga cikin ɗaki mutumin ruwa ba ya hawa gida. Na je na ga tudun da ta yi mini kusa da Baba, har ciyawa ta fito a kai. Ba kowa ke iya ganin wannan sau biyu ba.

Dattawan gari sun zo mini nan da kifi, wai tunda na zama sarkin teku in tsawata masa. Ba wasa suke yi ba. Na shiga ofisoshi da maganar ganuwar tare teku da za a yi muku, kowa ya miƙe ya gaishe ni, ya ce ana dubawa. Iyakar sarautar ke nan.

Na gina gida a Igbokoda, a kan tudu. Ki lallaɓa ta ku koma. Ba sai ta san nawa ba ne.

Ƙanenki,
Ehinmola

Obe-Lomire, Yuli 2011

Mola,

Jikina da sauƙi. Iye ce ba lafiya, ƙafafun sun kumbura, idon ma sai inuwa take gani. Mun ji a rediyo, na taya ka murna. Tana ɗakin sa'ad da aka faɗi sunanka, ba ta ce a kashe ba.

Gidan Igbokoda ta ƙi. Ta ce ta san mai shi.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ruwan da teku ya cika da shi a sabon wata, makon jiya, ya yi ɓarna. Ya ɗauke layin gidajen gaba, ya shiga filin makaranta, ya kuma cinye makabartar bakin teku gaba ɗaya. Baba ya tafi. Tudunka ma ya tafi. Da safe muka je, ba ko alama, ruwa ne kawai ke kai da kawowa. Na rasa yadda zan gaya mata, ashe ta riga ta ji a bakin mata.

Na ɗauka abin zai kashe ta. Sai ta sa na zauna, sannan ta ce, "To ya zo da kansa ya ɗauki abin da na ajiye masa. Ya karɓi nasa, ba ya bin mu komai kuma. Wanda ya saura nawa ne." Na ce wa kike nufi, don ina so ta faɗa. Ta faɗi sunanka, Mola. Rabon da in ji shi a bakinta tun shekarar da ta yi maka tudun.

Ga saƙonta yadda ta faɗa, ban tsallake ba ban ƙara ba: "Ya zo da jirgin nan nasa in gani."

Ka yi sauri. Ba ta cin abinci sosai.

Yayarka,
Omolere

Abuja, Agusta 2011

Yaya,

Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Allah ya saka miki. Ki gaya mata ina zuwa, kuma yadda ta ce haka zan zo.

Na daɗe ban tuƙa ba, sai na sake gwajin likita da na tuƙi kafin a bar ni in zauna a gaba, kuma samun jirgi mai saukar ungulu don irin wannan tafiya sai an bi hanya, ko da mutum Admiral ne. Ga damina, gajimare ya rufe gaɓar teku. Amma na fara, ba zai wuce 'yan makonni ba. Na san zan iya shiga mota in kama kwale-kwale gobe, amma ba na so in zo mata ta ruwa bayan duk abin da ya faru. Ina so ta ji ƙarar nan ta fito da zanenta, in sauko mata daga inda ta bar ni.

Ki sa a share wuri a filin makaranta.

Ƙanenki,
Mola

Obe-Lomire, Satumba 2011

Mola,

Ina fata ka koma lafiya. Ni ina nan. Mutanen zaman makoki sun watse jiya, gidan ya yi faɗi.

Wasiƙarka ta iso kwana biyu bayan Iye ta rasu. Mai jirgin kifi injinsa ne ya lalace a hanya. Da ta iso da wuri da na haye Igbokoda ko da iyo ne na kira ka.

Ba jirgin sama take nufi ba. Tun ranar da ta ba ni saƙon, kullum da safe sai na kama ta mun fito kan katako, ta sa in juya mata kujera ta fuskanci teku. Jiragen masu mai sun yi ta wucewa ta kanta, ba ta kula su ba. Ta sa an kira Orimisan, wanda ya bar aiki yanzu, ta yi ta tambayarsa tsawon jirgin, da launinsa, da inda kake tsayawa, da ko gadon naka yana da bargo. Ta ce tana so ta ga abin da ya ɗauki ɗanta ya kuma dawo da shi. Duk abin da ya gilma a kan ruwa sai ta ce in duba mata ko kai ne. Da ka yi hayar kwale-kwale mai inji ka ɓullo ta bakin teku, da na ce mata ga shi nan, da kuma ta yarda.

Na zauna na tambayi kaina ko ramuwa na yi da ban cika kalmar ba. Wallahi ban yi ba. Ina ganin inda take kallo, shi ya sa ban ga akwai abin da zan bayyana ba. Kai kuma ba ka wurin.

Bayan an kira ka daga Igbokoda an gaya maka rasuwar, na gan ka ranar binnewa. Kowa ya gan ka. Mun fito da ita daga majami'a ke nan aka ji ƙara, ka zo ka zaga, ka sake zagawa. Na gaya maka ruwa ya shiga filin makaranta, ban gaya maka bai fita ba. Babu inda za ka sa ƙafar jirgi a garin nan yanzu. Masu ɗauke da ita suka tsaya suna kallon sama, iskarka na ɗaga fararen riguna. Farin zanen da ka gani ana kaɗawa ni ce. A kan akwatin yake, na zare. Ban san ko sannu nake maka ko tafi ba. Da man jirginka ya yi ƙasa ka juya, na mayar da shi.

A bayan gida muka binne ta, yadda aka saba. Sai dai bayan gida yanzu shi ne bakin teku, in ruwa ya cika yana taɓa ƙafafun katakon da ke ɗauke da ɗakin girki. Fasto ya ce kabarin ba zai kai baɗi ba. Matan da suka san damuwarta suna cewa aƙalla za ta tarar da Baba. Ban sani ba ko in yi murna.

Ta bar maka zanen. Ba zan aiko da shi ba, sai ka zo ka karɓa, ka hau gidan kuma tun yana nan, ba mai hana ka. Bayan haka zan koma Igbokoda in ka bar mini ɗaki.

Ka zo da jirgin ruwa, Mola. Na ruwa. Na rubuta shi cikakke.

Yayarka,
Omolere